Edmonton da Florida karo na biyu: ina bayan Oilers, amma kar wanda ya kawo min zancen haraji

Ranar Litinin 24 ga watan Yunin 2024 ina tsaye a filin nan da ke jikin Rogers Place, gidan wasan kulob ɗin Oilers, a tsakiyar Edmonton ta Kanada, inda ake kafa manyan allunan kallo, ɗana ɗan shekara tara yana kan wuyana sabida in yana ƙasa ba abin da zai hango sai bayan mutane. Wasan can Florida ake buga shi, mu nan kallo ne kawai namu, amma wallahi tun da na baro gida ban taɓa shiga taro mai zafin wannan ba, ko'ina ka duba ruwan lemo da shuɗi ne, kalar Oilers, tsofaffi da yara da mata masu goyo. Da aka busa tashi Florida ta ci mu 2 da 1, wurin ya yi tsit kaman an ɗauke wuta. Yaron ya sunkuyo ya ce min a kunne, "Abba shi kenan? Ba saura?" Na ce masa ba saura sai baɗi. Bai yi kuka ba sai da muka shiga jirgin ƙasa za mu koma gida, ya kifa kai a jikin taga. To ga baɗin ta zo, ina wannan rubutu ne ana jiran ranar Laraba 4 ga watan Yunin 2025 da za a fara fainal ɗin Kofin Stanley na hokin ƙanƙara, kuma su ɗin ne dai, Edmonton Oilers da Florida Panthers.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan ba ruwansu da hokin ƙanƙara, yayana da ke Kano duk sanda na ɗauko masa zancen a waya sai ya ce "kai dai Turawa sun gama da kai, wai kana bin mutane masu guje-guje da sanda." To Yaya ga shi a taƙaice, kai da irinka. Kowane ɓangare mutum shida ne har da gola, suna sulɓi a kan ƙanƙara da takalmi mai ƙarfe kaman wuƙa a ƙasa, suna bin wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri wanda in aka ƙwaɗe shi da ƙarfi yana wuce kilomita 150 a awa. Zan riƙa cewa an ci ƙwallo don mu fahimci juna duk da ba ƙwallo ba ce. Ana yin zubi uku na minti 20, kuma gudun ya yi yawa har ɗan wasa ba ya iya kai minti ɗaya cur a ciki sai ya fito wani ya faɗa, ana canjin ne wasa na tafiya. Wanda ya yi laifi ana kai shi wani keji ya zauna minti biyu, tim ɗinsa ta yi wasa da ragin mutum ɗaya, riƙe wannan don zan dawo kansa. Lig ɗin NHL kulob 32 ne, bakwai a Kanada sauran a Amurka, a kakar 2024-25 kowa ya buga wasa 82, sannan 16 su shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, sai dai a nan ba wasa ɗaya ba ne, ku biyu za ku yi ta karawa har sai wani ya ci huɗu, in ta kama a je wasa bakwai. Ba bugun fanareti, in an tashi kunnen doki a yi ta ƙarin lokaci har sai wani ya ci ko da za a kai tsakar dare. Zagaye huɗu, nasara 16, wata biyu ana gwara ƙashi da katanga, shi ya sa kofin nan da ake bayarwa tun 1893 yake da daraja haka a idon mutanen nan.

Abin da ya faru bara shi ya sa garin nan bai warke ba har yau. Florida ta ci wasa uku na farko, kowa ya ce an gama, sai Edmonton ta farka ta lallasa su 8 da 1, ta je gidansu ta ci 5 da 3, ta dawo nan ta ci 5 da 1. Tun 1942 da Toronto ta yi wa Detroit ba wanda ya taɓa tasowa daga uku ba ko ɗaya ya ɗauki kofi a fainal, mu kuma mun zo har bakin ƙofa. A wasa na bakwai Carter Verhaeghe ya fara ci, Mattias Janmark ya farke nan da nan, Sam Reinhart ya ƙara a zubi na biyu, daga nan Florida ta ja ƙofa ta sa sakata. Connor McDavid kyaftin ɗinmu shi aka ba kyautar gwarzon gasar duk da an cinye shi, ya tara maki 42 (ƙwallon da ka ci da wadda ka bayar aka ci duk maki ne), ya ba da ƙwallo 34 aka ci wanda ya karya tarihin Wayne Gretzky tsohon tauraron Oilers, amma ko fitowa karɓar kyautar bai yi ba, ya zauna a ɗaki da 'yan wasansa. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne a wasa na shida da na bakwai McDavid bai samu maki ko ɗaya ba, Leon Draisaitl kuma duk wasa bakwai ɗin bai ci ƙwallo ba. Wato Florida ta san yadda ake ɗaure mutanen nan biyu in ta matsa, kuma duk wanda yake ce maka McDavid shi kaɗai zai ɗauko kofin nan bana, bai kalli wasan bara da kyau ba.

Shi ya sa ni hankalina ba a kansa yake ba. McDavid zai yi nasa, shekararsa 28, sau uku yana zama gwarzon lig, yanzu haka shi ke gaba da maki 26 Draisaitl na bin sa da 25, kuma Draisaitl ɗin, Bajamushe, ya fi kowa cin ƙwallo a kakar 2024-25 da 52, wannan karon da lafiyarsa ya zo. Abin da ya canza shi ne sauran mutanen. Ka duba yadda aka zo nan: Los Angeles ta ci mu wasa biyu na farko, 6 da 5 sannan 6 da 2, ni kaina na fara cire rai, daga nan sai Edmonton ta ci 12 cikin wasa 14, ta kori Los Angeles, ta kori Vegas 4 da 1, ta kori Dallas 4 da 1. Kuma ba irin cin da muka saba ba na a ci mu huɗu mu ci shida. Wasan da aka fitar da Vegas 1 da nema aka tashi bayan ƙarin lokaci, wanda ya ci kuma Kasperi Kapanen ne, mutumin da wani kulob ya sallama Edmonton ta tsince shi. Corey Perry ɗan shekara 40 yana nan yana tsayawa a bakin raga ana dukansa yana tura faifai ciki. Wannan dattijon labarinsa abin tausayi ne, ya ɗauki kofi a 2007 da Anaheim, tun daga 2020 kuma ya je fainal da Dallas, da Montreal, da Tampa, da Edmonton, duk huɗun an cinye shi, wannan ce ta biyar cikin shekara shida. 'Yan baya ma sun gyaru, an kawo Jake Walman, Evan Bouchard ya rage sakacin da yake sa ni tashi tsaye a falo, Mattias Ekholm ya dawo daga jinya a wasan ƙarshe da Dallas.

Amma akwai rashi guda da ba zan ɓoye ba, ya dame ni sosai. Zach Hyman ya ji ciwo a wuyan hannu a wasa na huɗu da Dallas, an yi masa aiki, ba zai buga fainal ba. Mutumin da ya ci 54 a kakar bara ya ƙara 16 a zagayen kofi, bana kuma ya koma mai bangazar mutane fiye da kowa. Irin ɗan wasan da ake buƙata kenan in za a kara da Florida, mai shiga wurin da ake jin jiki ba ya ja da baya. Yanzu nauyin ya koma kan Evander Kane wanda bai buga wasa ko ɗaya ba duk kaka sai da aka fara zagayen kofi, da Trent Frederic da su Vasily Podkolzin.

Sai maganar gola, wadda ita ce ake ta yi a wurin aiki da layin kanti da ko'ina. Stuart Skinner ɗan garin nan ne, a nan aka haife shi, kuma ba wanda ake zagi kamarsa. Bayan wasa biyun farko da Los Angeles koci Kris Knoblauch ya ajiye shi a benci ya sa Calvin Pickard, shi kuma ya ci wasa shida a jere kafin ya ji rauni. Skinner ya dawo, wasansa na farko aka ci shi saura ƙasa da sakan ɗaya a tashi, wani da tuni ya karaya, shi kuwa sai ya hana Vegas ci wasa biyu a jere, ya sake hana Dallas ci a wasa na biyu. To wane Skinner ne zai fito ranar Laraba? Gaskiya duk wanda ya ce maka ya sani faɗa kawai yake. A ɗaya ragar kuma Sergei Bobrovsky ne ɗan Rasha, sau biyu yana zama golan da ya fi kowa a lig, 2013 da 2017, dala miliyan 10 ake biyansa a shekara, shi ne ya sace mana wasan farko bara 3 da nema alhali mun fi su kai hari nesa ba kusa ba. Ni ban ce sai Skinner ya fi Bobrovsky ba, roƙona kawai kar ya ba da ƙwallon banza a minti biyar na farko, irin wadda take kashe wa filin gaba ɗaya jiki.

Florida fa ta bana ta fi ta bara, wannan ita ce gaskiyar da 'yan garinmu ba sa son ji. Fainal ta uku kenan a jere, 2023 Vegas ta cinye su, 2024 suka ɗauka, ga su kuma. Sun kori Tampa 4 da 1, Toronto ta ci su biyun farko suka dawo suka je har gidanta a wasa na bakwai suka yi mata 6 da 1, Carolina ma 4 da 1. A waje sun ci takwas cikin wasa goma, don haka wannan murnar da muke yi cewa bana a gidanmu za a fara kuma a gidanmu za a ƙare in an kai bakwai, a yi ta da hankali, mutanen nan ba sa tsoron gidan kowa. Kyaftin ɗinsu Aleksander Barkov ɗan Finland ba ya surutu, aikinsa ya manne wa babban ɗan wasanka ya hana shi numfashi sannan shi ma ya ci, shi za a sake jingina wa McDavid. Sun ɗauko Seth Jones daga Chicago, a watan Maris sun ɗauko Brad Marchand kyaftin ɗin Boston ɗan shekara 37, suka sa shi a layi na uku, wato rukuni na uku na 'yan gaba da ke karɓa-karɓa, tare da Anton Lundell da Eetu Luostarinen, ka ji fa, mutumin da ya ɗauki kofi tun 2011 wai shi ne a layi na uku. Nan ne nake jin tsoro, in layinmu na farko da nasu sun kashe juna, su suna da wasu a baya masu iya gama wasa.

Kuma salon wasansu na tsokana ne, a kan iyakar doka suke tafiya kullum. Matthew Tkachuk da Sam Bennett duk tsofaffin 'yan Calgary ne, mun san su tun suna maƙwabtanmu, mun san halinsu. Bennett shi ke gaba a cin ƙwallo da 10, kuma shi ne wanda gwiwar hannunsa ta samu golan Toronto Anthony Stolarz a ka, mutumin ya fita daga wasan bai sake tsaron raga a karawar ba, ba a dakatar da Bennett ko wasa ɗaya ba. Ni wannan bai yi min daɗi ba ko kaɗan kuma ina ganin hukumar lig ta yi sake, kan mutum ba abin wasa ba ne. Amma darasin da ke ciki ga Edmonton shi ne kar a biye musu. Abin da suke so kenan, su tsokane ka bayan an busa, ka rama, alƙali ya ga naka bai ga nasu ba, a kai ka keji. Bara a zagayen kofi in aka rage mana mutum muna tsare gida sama da kashi 94 cikin ɗari, bana abin ya lalace, a wasan farko da Dallas muna gaba 3 da 1 aka shiga zubi na uku, suka ci uku a jere duk muna da mutum a keji, aka tashi 6 da 3. In Kane da Darnell Nurse suka bari zuciya ta ɗebe su to mun kaɗe, wannan na fi tsoro fiye da Bobrovsky ma.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zauna rubutun nan. Tun kafin a fara wasa an fara shirya uzuri, kana kunna rediyon wasanni za ka ji, wai kulob ɗin Kanada ba za su iya ba sabida haraji. Hujjar ita ce a NHL akwai iyakar kuɗin da kowane kulob zai kashe kan albashi, a kakar 2024-25 dala miliyan 88, kowa daidai, amma jihar Florida ba ta karɓar harajin albashi, haka Texas da Nevada da Tennessee, don haka ɗan wasa zai yarda ya karɓi ƙasa da farashinsa a can tunda abin da zai shiga aljihunsa ya fi. Sai su lissafo maka, Tampa 2020 da 2021, Vegas 2023, Florida 2024, kuma rabon da kulob ɗin Kanada ya ɗauki kofi tun Montreal a 1993, shekara 32 kenan zuwa 2025. Ban ce ƙarya ba ne gaba ɗaya, bambancin kuɗin yana nan, kuma mutum in an ba shi zaɓi tsakanin bakin teku da sanyin da ke kai 30 ƙasa da sifiri a watan Janairu na san abin da da yawa za su zaɓa, ni ma ina fita goge ƙanƙara a gilashin mota da asuba na san zafin abin.

Amma don Allah a tambayi masu wannan magana, yaushe aka cire harajin a Florida? Ai dama can babu shi. Kulob ɗin nan na Panthers daga 1996 da suka je fainal Colorado ta share su, ba su sake cin zagaye ko ɗaya ba sai 2022, shekara 26 suna wasa kujeru babu kowa, manyan 'yan wasa na gudunsu, duk lokacin nan ina rashin harajin yake? Abin da ya canza shi ne an samu masu ido. Bill Zito da ya karɓi ragamar kulob ɗin ya tsinci Gustav Forsling kyauta bayan Carolina ta sake shi, yau yana cikin 'yan bayan da suka fi kowa. Verhaeghe Tampa ce ta ƙi sabunta masa. Bennett a Calgary an ɗauka ya ƙare, Reinhart yana Buffalo yana shan kashi shekara da shekaru, ya zo nan ya ci 57 a kaka ɗaya. Tkachuk kuma musayarsa aka yi a 2022, suka ba da Jonathan Huberdeau wanda ya fi kowa maki a kulob ɗin lokacin, wannan ƙarfin hali ne ba haraji ba. Kuma suka kawo koci Paul Maurice ya canza musu salo gaba ɗaya. Mu kuma a bazarar bara muna kallo St. Louis ta zo ta ɗauke mana matasa biyu, Philip Broberg da Dylan Holloway, sabida an kashe kuɗin a wani wuri an bar su ba kwantiragi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma Draisaitl da duk harajin Kanada ya sa hannu shekara takwas kan dala miliyan 14 a shekara ya ce nan zai zauna. Har dabarar nan da ake zargin Florida da ita ta ajiye Tkachuk a jerin masu jinya don a samu sararin sayen Jones da Marchand, tunda a 2025 iyakar albashi ba ta aiki a zagayen kofi, mu ma da Kane haka lissafinmu ya tafi. Cikin shekara 32 ɗin nan kulob ɗin Kanada sun je fainal sau bakwai, biyar a ciki sai da aka kai wasa na bakwai, Vancouver 1994 da 2011, Calgary 2004, Edmonton 2006 da 2024. Wanda ya kai wasa na bakwai aka ci shi da ƙwallo ɗaya ba haraji ne ya kayar da shi ba.

Ɗaya abin da ake ɗora wa wasan nan shi ne siyasa. Kowa ya san yadda shekarar 2025 ta fara, Trump ya ƙaƙaba wa kayan Kanada haraji yana ta cewa ƙasar ta zama jiha ta 51, mutane suka fusata har ana yi wa taken Amurka ihu a filayen wasa, a kantuna ana juya kaya a duba inda aka yi su. A watan Fabrairu da aka yi gasar ƙasashe huɗu, wasan Kanada da Amurka a Montreal an yi dambe uku cikin sakan tara na farko, a fainal kuma a Boston McDavid ne ya ci a ƙarin lokaci aka tashi 3 da 2, daren nan har maƙwabcina Bature dattijo wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu sai da ya ƙwanƙwasa min ƙofa muka rungumi juna. Na fahimci zafin, ni ma ina jin sa, ƙasar nan ta karɓe ni ta karɓi iyalina. Amma wannan fainal ɗin ba Kanada da Amurka ba ce. Wanda ya farke wa Kanada ƙwallo a daren Boston ɗin Sam Bennett ne, Reinhart da Marchand duk suna cikin tim ɗin, Aaron Ekblad da Verhaeghe da shi kansa koci Maurice duk 'yan Kanada ne. Mu kuma ginshiƙanmu akwai Bajamushe da ɗan Sweden. Kuma masu cewa duk ƙasa ta koma bayan Oilers ba su san mutanen Calgary ba, kaman ka ce wa ɗan Barcelona ya goyi bayan Madrid ne wai don duk Sifaniya ce. Ni ina ganin a bar yaran nan su buga wa garinsu, garin da ya ɗauki kofi biyar tsakanin 1984 da 1990 ya ga an sayar da Gretzky a 1988 ya yi shekara goma cur ba ya ko shiga zagayen kofi bayan 2006, nauyin wannan kaɗai ya ishe su.

Wani zai ce kai Bahaushe me ya haɗa ka da wannan har kake ɗaga jijiyar wuya. Yarana ne suka haɗa ni. A makarantarsu in ba ka san wasan jiya ba to ba ka da abokin hira, kuma da na fara bincike sai na ga ashe ba baƙi ba ne mu a ciki kaman yadda na zata. Jarome Iginla wanda ya ci ƙwallo 625 a NHL, kyaftin ɗin Calgary na shekaru, a Edmonton aka haife shi kuma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da Kanada ta ci zinare da shi a Olamfik na 2010, shi ma ya sha irin namu a 2004, wasa na bakwai a jihar Florida, har ya yi ritaya bai ɗaga kofin ba. Nazem Kadri Musulmi ne, da ya ci da Colorado a 2022, ranar da aka ba shi kofin ya wuni da shi kaman yadda ake ba kowane ɗan wasa, masallacin garinsu London ta Ontario ya kai shi. Na nuna wa ɗana hoton nan ya daɗe yana kallo. Abin da ke hana yaranmu shiga ba rashin so ba ne, tsada ce, takalmi da hular kwano da sulke da sanda da kuɗin rajista, ga yaro yana girma duk shekara sai an canza, nawa na hannu na saya masa kuma duk da haka sai da muka zauna da mamansa muka yi lissafi. In hukumomin wasan nan da gaske suke son kofi ya riƙa dawowa Kanada, wannan ya fi cancanta su yi ta magana a kai fiye da harajin miloniyoyi.

To wa zai ci? Tarihi yana ɗan ba mu ƙwarin gwiwa. A 1983 New York Islanders ta share Edmonton ta Gretzky, shekara ta zagayo suka sake haɗuwa Edmonton ta ɗauka. A 2008 Detroit ta cinye Pittsburgh ta Crosby, 2009 Pittsburgh ta rama a wasa na bakwai. Ban ɗauki wannan a matsayin hujja ba, tim ɗin da ta sha kashi tana dawowa da sanin abin da ake biya ne kawai, kuma na ga alamar hakan, bara da aka ba McDavid kofin yankin Yamma bai taɓa shi ba sabida camfin da suke da shi, bana ya sa hannu ya ɗauka abinsa ba wani dogon murna. Ni na ce Edmonton a wasa bakwai, da sharaɗi biyu, Skinner ya tsaya daidai ko da bai yi abin mamaki ba, kuma a daina zuwa keji a kan shirme. In ɗaya ya kuskure Florida za ta gama da mu a shida kuma ta cancanta, ranar ba na son in ji kowa ya ambaci haraji. A Yunin 2025 kwantiragin McDavid saura shekara ɗaya, kowa a garin nan ya san me hakan ke nufi ko da ba a faɗa.

Wasan farko ƙarfe shida na yamma ne agogonmu, wato ɗaya na dare a Najeriya da Nijar, wanda ke da data da ƙarfin ido ya gwada ko zubi ɗaya ne, Yaya har da kai. Na biyu kuma ya faɗo ranar Juma'a 6 ga wata, ranar Babbar Sallah, ga shi rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen goma na dare, don haka mun tsara da yaron, mu sauko daga idi mu kai gaisuwa gidaje biyu a ci nama, ya cire shaddarsa ya sa riga mai lamba 97 ta McDavid, kafin biyar muna filin nan na jikin Rogers Place. Ya ce bana ba sai na ɗauke shi a wuya ba, ya yi tsawo.